Yadda Za Ka Kama Yayarka Da Satar Ruwan Zafi

Idan ruwan zafin gidanka ya fara zuwa siriri kamar zaren ɗinki, alhali na sanyi yana fitowa da ƙarfinsa kamar kullum, kada ka ɓata lokacinka wajen duba hita. Wannan aikin masu ƙaramin tunani ne. Akwai mai hannu a ciki, kuma a gidanka yake kwana. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin sanyin bana ya wuce za ka san wanda ya jawo maka wannan wahala, da sunansa da kamanninsa. Hanyar ba ta taɓa kuskure ba. Sau ɗaya aka gwada ta, a layinmu a Godoy Cruz, gefen birnin Mendoza, kuma ta yi aiki ɗari bisa ɗari.

Wanda ya gwada ta shi ne maƙwabcina Elvio Pedernera, ɗan shekara sittin da ɗaya, wanda ya yi shekara talatin yana sufeton tikiti a motocin bas na Mendoza kafin ya yi ritaya. Shi da matarsa Zulema suna zaune a saman bene. Yayarsa Nélida, wadda mijinta ya rasu, tana ƙasa, ta mayar da falon tsohonsu shagon gyaran gashi: kujera biyu, madubi ɗaya, da kwanon wanke kai. Gidan na gado ne. Tankin hita ɗaya gare su, mai aiki da gas, yana tsaye a tsakar gida kusa da itacen inabi tun tsohon yana raye.

Mataki na ɗaya: Ka ji zafin abin yadda ya kamata

Kada ka ɗauki siririn ruwa a matsayin ƙaramar matsala. Cin mutunci ne, haka za ka ɗauke shi.

Wata safiyar Talata a farkon Yuni, lokacin hunturu a wajenmu, sanyi ya sauko daga duwatsu har ruwan kwatar bakin titi ya yi ƙanƙara, Elvio ya shiga wanka. Ya shafe jikinsa da sabulu daga ka har ƙafa, sannan ya murɗa famfon zafi. Shawa ta yi tari sau biyu, ta zubo masa ruwan da ba zai ishi kaza wanke baki ba. Ya tsaya a ƙarƙashinta yana karkarwa, sabulu na shiga masa ido. A daidai lokacin ne ya jiyo ƙarar ruwa daga ƙasa, tare da dariyar Nélida da wata da ta zo gyaran gashi.

Riƙe wannan a ranka: duk wanda ke dariya a lokacin da kake jin sanyi, bai kamata a cire shi daga zargi ba.

Mataki na biyu: Kada ka saurari tanki, kada ka saurari mata

Tankin zai yi ƙoƙarin ɗauke maka hankali. Da zarar wuta ta kama a gindinsa za ka ji yana ƙara kamar ana soya gugguru a ciki. Yi kamar ba ka ji ba. Matarka za ta kwance bakin famfon kicin ta nuna maka wasu fararen tsakuwoyi ƙanana kamar ɓawon ƙwai a tafin hannunta. Ka ce mata ta zubar.

Haka Elvio ya yi. Zulema ta ce masa duk unguwar ta san ruwanmu yana ɗauke da farar ƙasar dutse, butar shayinta ma duk wata sai ta kankare ta, me zai hana a kira Don Hilario mai gyaran famfo ya duba. Ya amsa mata cewa farar ƙasa ba ta san ranar Talata da Juma'a ba, kuma a ranakun da shago ke cika ne ruwan ya fi raguwa. Bai auna ba, amma ya ji haka a jikinsa.

Da yamma Nélida ta tare shi a gindin matattakala tana murza wuyan hannunta, wanda ciwon gaɓoɓi ya kumbura.

"Auta, tankin nan wanki yake so. Ka ba ni Asabar ɗaya."

Mutumin da ya shekara talatin yana kama marasa tikiti ya ji uzuri iri-iri. Ya ji "ya faɗi a ƙarƙashin kujera", ya ji "yana wajen mijina a baya". Abin da ya koya shi ne, mai laifi ne kullum ke riga kowa kawo bayani. Ya dubi yayarsa da irin kallon da yake yi wa fasinja, ya ce zai duba, ya haye sama.

Mataki na uku: Tara hujja

Nemi wurin zama inda za ka ga duk mai shiga da mai fita. Ɗauki ƙoƙon shayin mate da filas, don kada a gane aiki kake yi.

Mako biyu Elvio ya yi yana zaune a bakin ƙofa. Yana gaishe da kowace mace da ladabi, idonsa a kan gashinta. Masu guntun gashi bai damu da su sosai ba. Amma akwai Doña Pirucha, matar mai gidan burodi, wadda gashinta ke kaiwa har ƙugu, kuma sai an wanke shi sau biyu an ɗauraye sau uku. Duk ranar da ya hango ta a kusurwar layi, sai ya ji kafaɗunsa sun yi sanyi tun bai shiga banɗaki ba.

Matan suka fara cewa ƙanen Nélida ya zama mutumin kirki tun da ya yi ritaya. Ɗaya ma ta kawo masa alewar gwanda. Ya karɓa, ya ci, amma bai cire ta daga zargi ba.

Mataki na huɗu: Kira masani, amma don ya gaskata ka kawai

Ba gyara za ka kira shi ya yi ba. Ka kira shi ya raba bututu, kowa ya san ruwansa.

Don Hilario ya zo ranar Alhamis da jakar kayan aikinsa. Tsoho ne da ba ya gaggawa. Ya ƙwanƙwasa saman tankin da sifana, ya yi ƙara kamar ganga. Ya ƙwanƙwasa gindin, ya yi shiru kamar an bugi bango. Ya ce ba bututu ke da laifi ba, kusan sulusin tankin ya zama dutse, ruwan ba shi da wurin zama kuma ba shi da hanyar fita. Ya tambayi yaushe rabon da a zubar da lakar gindinsa. Elvio ya ce tankin bai taɓa neman haka ba a shekara goma sha biyu da rasuwar tsohonsu, don haka ba yanzu zai fara ba.

Don Hilario ya dube shi, ya dubi Nélida da ke tsaye a ƙofar shago. Ita kuwa ta miƙa wa Don Hilario ƙoƙon mate.

A nan Elvio ya gane komai. Masanin da ya sha shayin wanda ake zargi ya tashi daga masani, ya koma shaidan ƙarya. Ya raka shi bakin ƙofa, ya ce zai neme shi. Idan kai ma ka zo wannan gaɓa, yi haka. Akwai masu gyaran famfo da yawa a gari, kuma ba dole ne ka kira ko ɗayansu ba.

Mataki na biyar: Ɗauki mataki, ba tare da hayaniya ba

A bayan tankin bututun zafi ya rabu biyu, ɗaya ya haura sama, ɗaya ya shiga shago. A kan na shagon akwai wani ɗan famfo mai jan kai. Ranar Lahadi da safe, yana ganin Nélida ta shiga ɗaki shirin coci, Elvio ya sauko da silifas, ya murɗa jan kan har ya kusa rufewa, ya kwance shi, ya jefa a aljihun kwat ɗinsa. Minti uku bai cika ba.

Sai ya hau ya yi wanka. Ruwan yana nan yadda yake. Amma ya fito yana shafa ƙirji, ya ce wa Zulema akwai bambanci sosai. Ita ta shiga bayansa, ta fito leɓenta na rawa, ta ce ba ta ga komai ba. Ya ce mata fatar mata ba ta saurin gane irin wannan.

Wannan matakin yana buƙatar haƙuri. Yayarka ba za ta yi maka faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan wuya. Nélida ma ba ta yi masa ba. Ta fito da babbar tukunyar da uwarsu ke dafa miyar tumatir ta shekara a ciki, ta ɗora a kan murhun kicin. Tun daga ranar, duk kan da za ta wanke sai ta tafasa ruwa, ta ɗauko tukunyar da tsumma, ta ratsa tsakar gida da ita, ta sirka a bokiti. Elvio yana kallo daga taga. Ya ce wa kansa, da can ma haka ya kamata a yi.

Ranar Lahadin da ta biyo suka gasa nama a tsakar gida kamar yadda suka saba. Ta zaɓo masa haƙarƙarin da ya fi so ta sa masa a faranti, kamar yadda take yi tun yana ɗan shekara shida. Ya ci, amma naman bai wuce masa da daɗi ba. Ya ɗora laifin a kan gawayi.

Mataki na shida: Idan wani abu ya faru, ka tuna ba kai ka ɗauki tukunyar ba

A rana ta goma sha ɗaya, wajen ƙarfe goma na safe, hannun Nélida na hagu ya saki.

Elvio ya jiyo ƙarar tukunya a kan siminti. Bai ji ihu ba. Da ya sauko da gudu ya tarar da ita zaune a ƙasa a cikin tururi, tana ƙoƙarin cire safar ƙafarta ta dama, Doña Pirucha na tsaye a kanta da tawul a ka tana kiran sunan Allah. Zulema ce ta tuna da ruwan sanyi. Shi ya ɗauki yayarsa ya sa a mota. Bai san ta yi rashin nauyi haka ba.

A asibiti suka ce ƙunar ta kama daga idon sawu zuwa ƙauri, za ta warke, amma ba tsayuwa na makonni. 'Yarta Griselda ta taso daga San Rafael a ranar. Ta gaishe da kawunta a taƙaice, ta ce uwarta ta gama zaman gidan da mace mai shekara sittin da takwas ke dakon ruwan zafi, za ta tafi da ita, shagon kuma a rufe. Elvio ya ce ai dama tankin ya tsufa.

Ba ni da shawara a wannan matakin. Ka dai riƙa maimaita kan maganar da ke sama har ta zauna. Elvio ya maimaita ta tun daga asibiti har gida, hannunsa a aljihun kwat yana juya jan kan famfo.

Mataki na bakwai: Mori nasararka

Yanzu tanki naka ne kai kaɗai. Shago a rufe, babu Doña Pirucha, babu dariya daga ƙasa.

Washegari Elvio ya bar hitar ta yi awa biyu tana ci. Ya shiga banɗaki, ya murɗa famfo har ƙarshe. Shawa ta yi tari sau biyu, ta zubo zaren nan nata. Ya jira. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya sauko da tawul a ƙugu, cikin sanyin Yuli, ya leƙa shagon ko an manta famfo a buɗe. Kwanon wanke kai a bushe yake ƙayau, tsintsiya na jingine inda ta bar ta.

Ya tsaya a tsakiyar shagon. Babu kowa a ciki sai wani tsoho mai tumbi, ɗaure da tawul, yana kallonsa daga madubi.

Na gaya maka hanyar tana aiki.

Mataki na takwas: Idan dole ka tambaya, ka yi ta waya

Kwana huɗu ya yi yana zagaya tankin kafin ya ɗauki waya. Zulema ta ce ya kira Don Hilario, ya ce ba shi zai kira ba. Griselda ce ta ɗauka, ta miƙa wa uwarta.

"Yaya, ya ƙafar?"

"Tana nan. Me ya lalace?"

Ya ce babu abin da ya lalace, kawai dai yana tsaye ne a gaban tanki, ya ce bari ya ji ko tana da wata shawara. Nélida ba ta ja masa rai ba. Ta ce ya kashe gas tukuna, ya bar ruwan ya huce, ya sake kiranta bayan cin abincin rana.

Da ya kira, ta bi da shi daki-daki. Ya rufe famfon sanyi da ke saman tankin. Zulema ta buɗe na zafi a bene don iska ta shiga. Tiyon yana bayan buhun gawayi, ya ɗaura shi a ɗan famfon da ke can gindin tanki, ya ja ɗaya bakin har kwatar titi. Elvio bai taɓa sanin akwai famfo a gindin ba. Sai da ya durƙusa a kan gwiwa, ya sa sifana da hannu biyu, kafin ya motsa.

Ko ɗigo bai fito ba.

Ta ce dama ta san ba zai fito ba, ya cire tiyon, ya miƙar da hangar rataye riga ya zura a bakin famfon ya yi ta caccaka. Ya caccaka sau ɗaya, sau biyu. A na uku tankin ya yi gyatsa, ya feso masa farin kunu mai kauri daga ƙirji har silifas, da tsakuwa a ciki. Zulema da ke riƙe da wayar a kunnensa ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Ya mayar da tiyon. Nélida ta sa shi ya riƙa buɗe ruwan sanyi yana rufewa don lakar ta motsa. Aka yi ta yi. Kwatar layinmu ta koma fara tun daga ƙofarsu har gidan burodi. Abin da tiyo ya kasa ja, ya kwashe da bokiti, sai da ya cika shida. Ta ce ya kwance kan shawa da bakunan famfo ya jiƙa su a ruwan tsami, su ma sun toshe.

Yana zaune a kan bokitin da ya kife, yana haki, ya karɓi wayar ya tambaye ta a ina ta koyi wannan duka.

"Baba yana yi duk watan Afrilu, ni ke riƙe masa tiyo. Da ya rasu na ci gaba. Shekara tara ina yi, sai hannun ya ƙi murɗa famfon."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Sau uku na gaya maka, shekara uku a jere. Kullum ka ce za ka duba." Sai ta ƙara da cewa, "Idan ka gama, ka mayar da jan kan nan da ke aljihun kwat ɗinka."

Elvio ya dubi Zulema. Zulema ta dubi itacen inabi.

Ya tambayi yayarsa a hankali tun yaushe ta sani. Ta ce tun safiyar, ta tagar ɗaki take kallonsa tana ɗaura ɗankwali. Ya ce to me ya hana ta magana.

"Na so in ga kwana nawa za ka iya kallona da tukunya. Taurin kaina ne ya ƙona ni rabi, Auta. Rabi kawai."

Ta kashe wayar.

Mataki na tara: Kada ka ba da haƙuri

Wannan shi ne mafi muhimmanci. Namiji mai shekara sittin da ɗaya ba ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure. Elvio bai ce ba, kuma har yau bai ce ba.

Abin da ya yi shi ne, ya shiga bas ɗin San Rafael ranar Laraba, tafiyar awa uku, da kwalin burodin gidan Doña Pirucha a cinyarsa. Griselda ta buɗe masa ƙofa ba ta yi murmushi ba. Ya zauna a gefen gadon yayarsa ya ba ta labarin ruwan, yadda yake bugun bango yanzu, yadda Zulema ta kusa ƙonewa don ta saba murɗawa har ƙarshe. Ya ce matan unguwa suna ta zuwa suna ƙwanƙwasa shago, shi kuma ba shi da abin ce musu. Nélida ta ce likita ya hana ta tsayuwa, aski da naɗin gashi za ta iya a zaune, amma wankin kai sai a tsaye, kuma hannun ma ba zai ƙara jure shi ba. Griselda ta ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Elvio ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya ce, a iya saninsa, wankin kai ba wani ilimi ba ne.

Ta dawo a ƙarshen Agusta, da sanda. Yanzu duk Talata da Juma'a, idan ka wuce ta layinmu, za ka gan shi ta gilashin shago ɗaure da ƙyallen aiki mai furanni a gaba, ya naɗe hannun riga, kan wata dattijuwa a tafinsa. Nélida na zaune a kujerarta da almakashi tana ba da umarni ba tare da ta waiwayo ba: ya rage ƙarfi, ya taɓa ruwan da gwiwar hannu kafin ya zuba, bayan kunne bai fita ba. Yana cewa "To, Yaya." Wani lokaci yana gunaguni cewa matan nan suna ɓarnar ruwa. Ba mai kula shi.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba mai gyaran famfo ba ne, maƙwabci ne kawai mai taga a wuri mai kyau. Ba ya ɗaukar alhakin ƙuna, ko mura, ko ɓacin ran 'yar'uwa, ko kayan da farar laka ta ɓata. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi su ne da ƙafarsa. Idan yayarka ta tafi ba ta dawo ba, kada ka zo ƙofata, domin ba kowa ke da irin ta Elvio ba, kuma ita ma har yanzu tana ɗingishi. Mai ƙorafi ya kai wa Elvio da kansa a shago, amma ya jira a waje har ya gama ɗauraya, don yayarsa ba ta yarda ya yi hira a bakin aiki.